Waƙar da Ta Haɗiye Sunan Alhaji

Ni Haladu, na fi shekara ashirin ina gyaran rediyo da rakoda a bakin titin Wudil, daura da masu soya kifi, kafin ka hau gada. A zaman nan na ga masu cika baki iri-iri, amma wallahi ban taɓa ganin kamar Nasiru ba. Shi in ya ce maka zai yi abu, to ka fara kwashe kayanka daga wajen.

Ɗan ƙanwar Alhaji Maikano mai hatsi ne, kuma Alhajin ne ya riƙe shi tun yana ɗan mitsitsi. Ya saya masa babur ya yi acaɓa, ya kutsa da shi cikin garken shanu ranar kasuwa. Ya buɗe masa gidan kallon ƙwallo, talabijin ta kama da wuta ana shirin buga fanareti. Daga nan sai Nasiru ya ɓace. Wata uku ya yi a Kano yana share wani sutudiyo yana sayo wa masu wajen abinci, ya dawo mana da baƙin tabarau, da kwamfuta 'yar gwanjo, da fiyano mai karyayyun maɓallai biyu, da sabon suna. Wai Injiniya. Shagon da ke manne da nawa na Alhaji ne, nan ya sauke kayansa, ya bi bango ya manna kwalayen ƙwai, ya rubuta a ƙofa da jan fenti: A NAN AKE ƘARA WA WAƘA ƘARFI.

Lokacin sojoji sun koma bariki, siyasa ta dawo da zafinta, duk wanda ya tara buhu goma sai ya ji kujera tana kiransa. Alhaji Maikano ya fito takarar kansila. Abokin karawarsa, Isyaku mai taki, ya riga ya je Kano an yi masa waƙa, kowane mai shayi ita yake sawa, har ni da ba na yinsa nakan tsinci kaina ina kaɗa ƙafa. Abin ya tsaya wa Alhaji a rai.

Wata Litinin da hantsi sai ga shi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, ya tambayi aiki, na tambayi kasuwa, muka yi jajen zafi. Sannan ya leƙa shagon Nasiru, ya ce in matso in zama shaida.

"Nasiru, waƙa nake so. Wadda za ta rufe bakin ta Isyaku."

Nasiru ya miƙe ya gyara tabarau. "Kawu, ka zo inda ya dace. Ka san abin da ya sa waƙar Isyaku take shiga kunnen mutane? Ba daɗi ba ne, ƙarfi ne. Yanzu a duniya an daina yayin daɗi. Ka sa kaset biyu a rakoda ɗaya ba ka taɓa maɓalli ba, wanda ya fi ƙara shi ya ci. Ni kuwa akwai wani abu a cikin kwamfutar nan, kwamfireso, in na matse maka waƙa da shi, ta Isyaku in aka sa kusa da taka sai ka ɗauka sauro ne ya shiga gwangwani."

"Ni ban san kwamfireso ba," in ji Alhaji. "Kai na sani. Saboda haka buɗe kunnenka, ga Malam Haladu yana ji. Wannan ce ta ƙarshe. In waƙar ta yi, shagon nan naka ne, har takarda zan ba ka. In ka kunyata ni, in zuba buhunan dawa a ciki, kai kuma ka tattara ka koma Achika ka kama min noman rani."

"Achika? Kawu, sai dai in je musu ziyara a mota mai sanyi."

Babu abin da Nasiru yake tsoro a duniya kamar fartanya. Ni na san wannan, Alhaji ma ya sani.

Washegari ya ɗauko Barakatu zabiya. Daga Utai har Indabo babu bikin da ake yi ba da ita ba, muryarta ba ta neman taimakon kowa, bakinta kuma ba ya raga wa kowa. Ta zo da Hansai mai yi mata amshi da wasu mata biyu. Tana shiga ta dubi kwalayen ƙwan, ta dubi Nasiru.

"Ɗan nan, waƙa za mu yi ko kwanci za mu yi?"

"Goggo, tsarin zamani ne. Kuma baiti-baiti za mu ɗauka, ki yi ɗaya in tsayar, ki yi ɗaya in tsayar."

"Ni ba a yanka min waƙa kamar tsire. In na ɗauko daga kai sai na dire. Abu ɗaya nake so, bayan baiti na biyu ka tsayar min da kiɗa in sha ruwa in numfasa."

"Ba matsala, Goggo. Wajen zan yanke shi daga baya, ko alama ba za a gani ba."

Aka rufe ƙofa, aka toshe ƙasanta da tsumma, mata huɗu da Nasiru a cikin shagon da ko taga babu, ga rana ta take. Ta bango nake jiyo su. Waƙar kuwa, in faɗi gaskiya, ta yi daɗi. Barakatu ta jefa tambaya, mata su amsa. "Wa zai gyara mana kwalbati?" Su ce, "Maikano!" "Wa zai haƙa mana rijiya?" "Maikano!" "Jama'a wa za mu zaɓa?" "Maikano!" Bayan baiti na biyu na ji shiru na ɗan lokaci, sannan aka ci gaba. Da aka buɗe ƙofa suka fito sharkaf da gumi, kwalin ƙwai ɗaya ya maƙale a ɗankwalin Hansai.

Da a ce Nasiru ya bar waƙar haka, da yau wani labarin nake ba ku. Ina! Sai ya ce yanzu za a fara aiki. Ya kira mai kalangu ya ɗora. Ya kira mai kukuma ya ɗora. Ya samo wani mai algaita da ya zo wucewa, ya ɗora. Ya buga fiyano sau uku, kowanne a kan ɗan'uwansa. Ya sa tafi, ya sa guɗa, ya sa jiniya. Sannan ya tono wata ƙatuwar ganga a cikin kwamfutar, wadda in ta buga sai ka ji ta a haƙarƙarinka, ya bi waƙar tun daga farko yana dasa ta daidai kan kowane "Maikano".

"Don sunan ya shiga ƙirjin mutane," in ji shi. "Ba kunne kaɗai ba."

Ana cikin haka ranar Laraba sai ga Malam Ja'afar ya kawo min rakodarsa gyara. Mutumin Yola ne, yana koyar da harkar lantarki a jami'ar nan ta garinmu, mutum mai sanyin magana. Ya tsaya ya saurari abin da ke fitowa daga maƙwabta, ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa, sannan ya yi sallama ya leƙa.

"Injiniya, sannu da aiki. In ba ka ji haushi ba, in ce wani abu?"

"Faɗi, Malam. Muna karɓar yabo."

"Kayan sun yi yawa. Mai son waƙarsa ta yi ƙara bayan an matse ta, rage kaya yake yi tun wajen tsara kiɗa. Kowane abu wuri yake ci. Ka cire algaitar nan da fiyano biyu, sai muryar ta samu inda za ta tsaya."

"In cire? Mutane suna ƙarawa kai kana cewa a cire?"

"Ita kuma gangar nan ta fi muryar ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwamfireso ba shi da hankali, in ya ji abu ya yi tsalle sai ya danne komai tare, har da masu amshi. In kuma wuri ya yi shiru, sai ya ɗago duk abin da ke ƙasa, numfashi ne, motsin kujera ne, ya kawo maka shi sama. Ka dai saurara da kyau kafin ka buga kaset."

Nasiru ya zare tabarau a hankali. "Malam, kai a allo kake koyar da abin nan. Ni a Kano na gan shi da idona. Waƙa nawa ka taɓa yi?"

"Ko ɗaya."

"To ka gani."

"Kai fa, nawa ka yi?"

"Wannan ce ta farko. Kuma ita ce ajalin ta Isyaku."

Malam Ja'afar ya ce Allah ya ba da sa'a, ya dawo wajena ya zauna, ya tambaye ni a hankali ko yaushe za a ƙaddamar. Na ce Juma'a bayan an sauko. Ya ce ko da yana da aji zai ɗaga shi.

Da la'asar Nasiru ya fara matsi. Ya matsa sau ɗaya, ya ce bai ji ba. Ya sake matsawa, ya ɗaga, ya sake matsawa. 'Yan sifikunsa guda biyu suka yi wani kuka kamar ɗan akuya, suka yi shiru, hayaƙi ya biyo baya. Ya leƙo wajena.

"Malam Haladu, ara min babbar nan taka. Nawa na yara ne, ba su saba da aikin manya ba."

Tsautsayi ya sa na ba shi. Sifikar da nake haya da ita wajen biki, wadda na lallaɓa shekara bakwai! Ya jona, ya kunna. Jama'a, agogon bangon Auta tela ya faɗo ya tarwatse. Rabi mai kifi tana tsaye ta ga kifinta yana tafiya a kan faranti shi kaɗai, ta yi salati ta ja da baya. Wani jaki da aka ɗaure a gindin darbejiya ya tsinke igiya ya nufi kogi da mangalar yashi a bayansa, mai shi yana binsa yana zagin uwar wanda ya ƙirƙiro waƙa. Minti ɗaya ba a yi ba, tawa ma ta ce fuf, takardar cikinta ta yage biyu.

"Ka ga abin da nake gaya maka?" in ji Nasiru, fuskarsa fal murna. "Waƙar ta fi ƙarfin sifikun Wudil. Kawo ɗayar."

"In kawo ɗayar? Wallahi ko rediyon aljihu ba zan ba ka ba! Ɓace min da gani kafin in jefe ka da ƙarfen dalma!"

Labari ya zaga layi kafin magariba. Duk mai sifika a garin nan ya ɓoye tasa, har ladanin unguwarmu sai da ya ƙara wa akwatin masallaci kwaɗo. Abin sawa a kunne da ya rage wa Nasiru, dama kunne ɗaya ne ke aiki, shi ma ya bi sahu da safiyar Alhamis. Ga ƙaddamarwa gobe, ga Injiniya ba shi da abin da zai ji waƙarsa da shi.

Kuna zaton ya damu? Da azahar ya kira ni, na ƙi, ya zo ya ja hannuna.

"Zo ka ga ilimi."

A fuskar kwamfutar akwai hoton waƙar. Shekaranjiya na gan shi kamar ƙayar kifi, wani wuri kauri wani wuri siriri. Yanzu ya zama kamar bulo, daga sama har ƙasa a cike, jan fitilar gefe a kunne ba ta ko ƙiftawa.

"Haka na Kano suke yi?" na ce.

"Na Kano ma ba su kai nan ba, tsoro suke ji." Sai ya tsaya, ya kai yatsa tsakiyar hoton. Akwai wani ɗan wuri da ya rage siriri kamar zare. "Kai! Wannan kuma daga ina? Nan ne Goggo ta yi ƙasa da murya. Ni ba na son rama a waƙata."

Ya kama wajen ya ja, ya matse, ya ja, ya matse, har zaren ya kumbura ya yi daidai da sauran bulon. Ni ban kawo komai a raina ba, haushin sifikata nake ji.

"Ka dai nemi inda za ka saurara," na ce.

"Da me? Kai ka hana ni. Kuma ma mai koyo ne yake saurare. Gwani kallo yake."

Na'urar kwafar kaset ɗinsa mai gudu ce, ba ta fitar da sauti. Ya buga ɗari biyu, gaba da baya waƙar ɗaya, kowanne da hoton Alhaji yana murmushi.

Juma'a a Wudil ba sai an gaya muku ba. Kasuwa ta cika ta batse, kara ta cika da shanu, motocin kudu sun yi layi. Bayan an sauko daga masallaci aka jera bencina a bakin kasuwa. Alhaji Maikano ya zo cikin babbar riga ruwan ƙwai, dattawan unguwa suka zauna dama da hagunsa. Barakatu da matanta suna gefe sun sha ado. Malam Ja'afar ya samu inuwa ya harɗe hannu. Can baya kuma yaran Isyaku ne suka jingina da babura, sun zo ganin ƙwaf.

Da yake babu mai ba shi sifika a gari, Nasiru daga Gaya ya ɗauko haya, lasifika huɗu irin na ƙarfe, ya ɗaure su a kan tsohuwar bas ɗin Bilya direba, kowacce ta kalli kusurwa ɗaya. A gabana ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, ya fizge shi ya jefa a aljihu, wai kada wani matsoraci ya rage. Ya miƙa wa Bilya auduga.

"Toshe kunnenka da kyau, kai ne a ƙarƙashinsu. Da na ɗaga maka hannu ka ja a hankali, ka ratsa kasuwa, ka bi ta kara, ka haye gada ka dawo. Duk wanda ka ga yana ɗaga maka hannu murna yake yi. Kada ka tsaya wa kowa."

Sannan ya bi jama'a yana raba kaset, mai shayi, ɗan acaɓa, direban tasha, har yaran Isyaku ya miƙa wa, ya ce su kai wa maigidansu ya ji yadda ake yi. Ya dawo tsakiyar fili ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku riƙe hulunanku!"

Ya leƙa cikin bas ya danna kaset.

Abin da ya fito ban san sunansa ba. Kalangu da kukuma da algaita da fiyano uku da jiniya duk suka fito ta ƙofa ɗaya suna tattake juna. Tattabarun kan rumfuna suka tashi gaba ɗaya. Jarirai suka ɗauki kuka, ba a jin kukan, sai dai ka ga baki a buɗe. Wani dattijo da ke gefen Alhaji, wanda aka ce shekara biyar ba ya ji, ya juyo ya ce a rage. Nasiru ya ɗaga wa Bilya hannu, bas ta fara gangarawa.

Sai muryar Barakatu ta kutso da ƙyar. "Wa zai gyara mana kwalbati?"

DUM!

Shi ke nan. Gangar ta buga, komai ya nutse, amshin ya ɓace ɓat, sannan kiɗan ya sake bulbulowa.

"Wa zai haƙa mana rijiya?"

DUM!

Alhaji ya karkata kai. Ya sa yatsa ya sosa kunne. Ya yafito Nasiru.

"Ina sunana?"

"Yana ciki, Kawu!"

"A ina?"

"A ƙarƙashin gangar yake!"

"To fito min da shi!"

Kafin Nasiru ya samu amsa, muryar Barakatu ta sake jefowa daga kan bas: "Jama'a wa za mu zaɓa?" Ganga ta ce DUM, ta bar wuri fayau, yaran can na baya kuwa kamar sun yi shawara suka cike gurbin da baki ɗaya: "Isyaku!"

Dariya ta fara daga baya tana matsowa gaba. Nasiru yana ta cewa a yi haƙuri, baiti na biyu ya fi fitowa. Baiti na biyu ya zo, tambaya shida, DUM shida, Isyaku shida, har da wasu 'yan bencin gaba da bakinsu ya suɓuce.

Bas ta kai tsakiyar kasuwa, daidai layin 'yan hatsi, sai kiɗan ya ɗauke ɗif. Mutane suka sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa sai na ga Malam Ja'afar ya sauke hannuwansa ya matso gaba.

Wani sauti ya cika sararin Wudil. Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat. Kamar saniya ta samu bokiti. Sannan gyatsa, doguwa, mai lafiya, sannan muryar Barakatu: "Alhamdulillahi."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Barakatu ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ɗan nan, ba ka ce za ka yanke ba?"

Ba ta rufe baki ba sai ga raɗar Hansai a lasifika. Raɗa ce, kana jin iskar bakinta, amma ƙarfinta ya kai na mai shelar sarki.

"Goggo, wai da gaske shi zai gyara kwalbatin? Mutumin da kwatar gidansa shekara uku tana malala a layi?"

"Ke dai yi shiru mu ƙarasa," in ji raɗar Barakatu, ta lasifika huɗu. "Ni ko mudunsa ban yarda da shi ba. Juya gindin ki gani, a buge yake."

'Yan hatsi suka bar awo suka fito bakin rumfa. Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Alhaji yana zaune bai motsa ba, sai hularsa da na ga ta ɗan karkace. Nasiru ya ruga wajensa.

"Kawu, sharrin mata ne! Wallahi ban san sun faɗa ba! Da ina kusa da sai na..."

Sai aka ji takun takalmi a lasifika, da ƙarar ana gyara makirufo, sannan wata murya da duk wanda ke wajen ya sani, a kusa, tar, ko ƙura babu.

"Ku yi haƙuri da zafin, Goggo, saura kaɗan. Ni ma ba shi zan zaɓa ba, wa zai zaɓi tsohon nan? Shagon kawai nake so ya sakar min."

Kiɗa ya dawo kamar rufin kwano ya faɗo. "Jama'a wa za mu zaɓa?" DUM! Wannan karon ba yaran baya kaɗai ba, kasuwar Wudil ce gaba ɗaya ta amsa, har Fulanin kara.

Nasiru ya zura da gudu. Ya bi bas yana ɗaga hannu biyu yana ihu, takalmi ɗaya ya fice a layin 'yan tumatir, tabarau ya faɗi wani ɗan dako ya taka. Bilya ya hango shi ta madubi, kunne cike da auduga, ya washe baki ya ɗaga masa babban yatsa, ya ƙara ɗan mai. Jama'a na ɗaga hannu a tsaya, shi yana ɗaga musu yana godiya. Ya ratsa kara, shanu suka watse, dillalai suka hau katanga. Ya haye gada. Kaset ya ƙare ya juya da kansa, waƙar ta sake ɗaukowa daga kai. Masunta a cikin kwalekwale suka ji gyatsar Barakatu, mutanen tsallake suka ji labarin mudu, masu wanki a bakin ruwa suka ji wa zai zaɓi tsohon nan.

Sai a dawowa wani garke ya tare gadar, bas ta tsaya dole. Nasiru ya iso yana haki, ya lalubi aljihu, maɓallin ƙarar ya faɗi tun a kasuwa. Ya dafe ya hau rufin ya kama wayoyi ya fizga da ƙarfinsa duka. Suka tsinke, shi kuma ya tafi da baya ya sauka zaune a cikin bahon ɗanyen kifin wata mata. Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan sai aka jiyo daga teburin mai shayin bakin gada, a wata 'yar rakoda: ƙwat, ƙwat, ƙwat. Sai wata daga tasha. Sai wata a kan babur.

Bai gama fita daga bahon ba Barakatu ta iso, takalmi a hannu.

"Shekara talatin ina waƙa, ba a taɓa jin gyatsata ba sai a hannunka!"

"Goggo, ai kin ji yadda ta fita..."

Bai ƙarasa ba. Mutum uku ne suka riƙe ta, kuma ba su yi saurin riƙewa ba.

Asabar da safe ina buɗe shago sai ga a-kori-kura ta tsaya, cike da buhunan dawa. Alhaji Maikano ya fito. Muka gaisa kamar kullum, bai rage ko tambaya ɗaya ba. Ni na zaci zai yi faɗa har a ji a gada. Nasiru ma haka ya zata, don ya fito ya durƙusa tun daga ƙofa, ya fara jero bayani, wai laifin lasifikar Gaya ne, wai in aka ba shi kwana biyu zai fito da sunan.

Alhaji ya bar shi ya gama. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, har Nasiru, da kunnensa bai daina ƙugi ba tun jiya, ya ce, "Na'am, Kawu? Ɗan ɗaga murya."

"Ba zan ɗaga ba. Matso."

Ya matso.

"Maganar mudu gaskiya ce, na canja shi yau da asuba. Kwata ma za a gyara. Ƙuri'arka kuwa taka ce, ka ba wanda ka ga dama. Amma ni na goya ka a kafaɗa na kai ka makaranta, Nasiru. Ashe shago kake so, ba tsohon ba." Ya miƙa hannu. "To ga tsohon nan yana nan. Shagon ne babu."

Nasiru ya sa hannu a aljihu. Ya zaro makulli ya sa a tafin kawunsa. Wallahi duk da sifikata da ya kashe, sai da na ji tausayinsa ya kama ni.

Aka sauke dawa aka shigar, aka fito da fiyano da kwamfuta aka ɗora a bayan motar, don ita za ta wuce da shi Achika. Ya hau ya zauna a kan buhun da babu komai a ciki, ya rungume kwamfutar. Direba ya tayar. Sai Nasiru ya yafito ni.

"Malam Haladu, don Allah faɗi gaskiya. A duk ƙasar Kano, ka taɓa jin raɗa ta fita tar haka?"

Na ce ban taɓa ji ba, kuma ba ƙarya na yi masa ba.

Ya gyaɗa kai sau biyu, ya juya fuskarsa wajen kogi don kada in ga idonsa, mota ta ja.